Turmi Bisa Ƙirji

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta muna da wani hali da ba mu cika son faɗinsa ba. Duk abin da ba mu buɗe masa gurbi a cikin fom ba, to a wurinmu bai faru ba. Kwamfuta tana son lamba, tana son e ko a'a, mu kuma muna son ta yi aiki ba tare da ta sarƙe ba. Mun daɗe muna ɗaukar wannan a matsayin tsabtar aiki, har ranar da wata dattijuwa a wani ƙauye na ƙasar Maiyama ta nuna mana irin abin da muke sharewa.

Bayan ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, wata ƙungiya ta ba mu aikin zuba takardar tambayoyi cikin wayoyin hannu. A cikin tambayoyin akwai guda tara da aka sani da PHQ-9, waɗanda masana a Amurka suka tsara don gano ciwon damuwa. Ana tambayar mutum yadda makonni biyun da suka wuce suka kasance masa: barcinsa, cin abincinsa, gajiyarsa, ko abin da yake jin daɗinsa a da ya fita daga ransa. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27, wanda ya kai 10 kuma akan ce ya kamata a duba shi. Aka ɗebi matasa daga Jega, Aliero da Maiyama, aka yi musu horon kwana uku, aka ba su wayoyi. Wata rana muka bi ɗayansu, don kawai mu ga yadda manhajar ke yi inda babu sabis.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya karanta mata tambaya ta biyu, wadda ke neman sanin ko tana jin baƙin ciki ko yanke ƙauna. Sai ta ce, "Subhanallahi! Ɗana, wa ka yanke ƙauna ga rahamar Allah? Ni dai tun da ruwa ya ci shinkafarmu, in na kwanta sai in ji kamar an aza mani turmi bisa ƙirji. In an yi kiran asuba ban iya tashi, kuma ba ciwon ƙafa ba na."

Yaron ya dubi wayar, ya dube mu. Gurbi huɗu muka ba shi, babu na turmi a ciki. Ta ce ba ta yanke ƙauna ba, don haka ya danna 0. A hanyar komawa, muna bisa babur, ya ce mana, "Yaya, wallahi innar nan ba ta da lafiya. Haka kakata ta fara kafin ta daina magana."

Tun daga ranar wata tambaya ta hana mu sakat. Wannan yaro ya ji abin da ya kamata a ji, ya kuma gane shi. Amma ba shi zai rubuta rahoton ba. Wanda zai rubuta rahoton yana wani birni, zai buɗe jadawali ya ga sifili. Sunansa zai hau kan takardar da za a buga a mujallar masana, takardar ta taimaka masa wajen ƙarin girma, ƙarin girman ya buɗe masa ƙofar tallafi na gaba. Yaron zai karɓi kuɗin kwanakinsa ya koma jiran wani aikin. Ita kuwa innar, turminta yana nan. To, ya halatta mutum ya gina tsanin ci gabansa da ciwon wani? Idan ya halatta, me ya hau kansa? Kuma wa ya kamata a ɗora bisa tsanin tun farko?

Bari mu fara duba tsanin kansa. A Nijeriya, babbar hanyar zama mai bincike kan lafiyar ƙwaƙwalwa ita ce ta likitanci: shekara shida a jami'a, shekarar sanin makamar aiki a asibiti, bautar ƙasa, sannan shekaru huɗu zuwa shida na ƙwarewa a asibitoci irin na Kware kusa da Sakkwato, ko Barnawa a Kaduna, ko Aro a Abeokuta, ko Yaba a Legas, inda sai mutum ya yi bincike ya rubuta kundi kafin a ba shi shaidar ƙarshe. Akwai wasu hanyoyin, ta nazarin halayyar ɗan Adam, ta aikin jinya, ta nazarin zamantakewa, su ma sai an kai digiri na biyu da na uku kafin a fara sauraron mutum. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai 300 ba, kuma kowace shekara wasu na haɗa kayansu zuwa Ingila, Kanada ko Saudiyya. Shirye-shiryen horar da masu bincike suna nan: Jami'ar Ibadan ta daɗe tana jan ragama a Afirka ta Yamma, sannan akwai shirin AMARI da ya horar da masu digiri na uku a Habasha, Malawi, Zimbabwe da Afirka ta Kudu. Duk abin yabo ne.

Amma ku tsaya a tashar Maiyama ku dubi wannan tsani. Matakin farko yana Jega ko Aliero, inda akwai kwalejin kiwon lafiya da kuma jami'ar kimiyya da aka kafa a 2006. Na biyu yana Birnin Kebbi ko Sakkwato. Na uku yana Ibadan. Na huɗu yana Landan. Kowane mataki ya fi na baya nisa da gidan innar nan, kuma kowanne ya fi na baya buƙatar Turanci. A lokacin da mutum ya kai inda za a yarda da maganarsa, ya yi shekara goma sha biyar bai zauna bisa tabarmar zaure ba. An jingina tsanin ne a katanga ta yadda duk wanda ya hau, waje zai dira.

Abu mafi sauƙi shi ne mu zagi wanda ya dira. Muna jin ana yi a majalisa: an koyar da shi da kuɗin talakawa, ya gudu ya bar mu. Mu dai ba za mu shiga wannan zagi ba, kuma ba don tsarkin zuciya ba. Da yawanmu masu aikin kwamfuta muna zaune a nan amma kamfanonin waje muke yi wa aiki. Jikinmu ne kawai bai yi hijira ba. Wanda ke da mata da 'ya'ya da iyayen da suka tsufa, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga hanyar da ba a bi da dare, ba shi da laifi idan ya nemi inda zai huta. Addini bai hana tafiya neman arziki ba, Bahaushe kuwa ɗan fatauci ne tun kafin a san fasfo. Idan bashin da ake binsa na gwamnati ne, to ita ma gwamnatin ba ta cika nata alkawarin ba, sai a ce an yi canjaras.

Sai dai akwai wani bashi da ba na gwamnati ba. A ƙasarmu maganar taɓin hankali ba ƙaramar magana ba ce. Gidan da aka ce akwai hauka a cikinsa, 'yan matansa na iya rasa manema, samarinsa a ƙi ba su aure. Shi ya sa ake cewa iska ce, ko sammu, ko a ce wane ba ya jin daɗi, a rufe ƙofa. Matar da ta buɗe baki ta gaya wa baƙo abin da ke danne ƙirjinta ta ba da wani abu mai tsada, abin da wataƙila ba ta gaya wa mijinta ba. Ba sayarwa ta yi ba, don ba a biya ta ba. Ba kyauta ba ce, don ta ba da shi ne da tsammanin wani abu zai biyo baya. Sunan da ya dace da shi shi ne amana. Ita kuwa amana ba ta faɗuwa don mutum ya canza gari. Mai bincike na iya zama a Manchester, amma bayanan da ya hau da su suna da masu su, kuma suna nan inda ya bar su. Magabata sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Karin maganar ba ta yi wa mara lafiya ladabi ba, amma ta faɗi gaskiya game da mai karɓar lada.

Wani zai ce, ana fama da rashin magani kuna maganar bincike? Mai ciwo a Maiyama, idan abin ya yi tsanani, sai a ɗaure shi a mota a bi ta Jega, Aliero, Tambuwal, a ratsa Sakkwato zuwa Kware, in akwai kuɗin mota ke nan. Ku kawo likita da ƙwaya tukuna, tambayoyi su biyo baya. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma mun taɓa riƙe ta. Abin da ya sauya mana ra'ayi shi ne ganin yadda ɗan binciken da aka yi a Arewa ya rushe abin da kowa ke zaton ya sani. A 2004 aka buga wani nazari da likitocin Kano suka yi a ƙauyen Karfi, inda suka tambayi manya 250 abin da ke jawo taɓin hankali. Da an tambaye mu, da mun rantse aljanu za su zo na ɗaya. Shaye-shaye ne ya zo na ɗaya, kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshin, kuma waɗanda suka fi son a kai mara lafiya asibiti sun fi waɗanda suka zaɓi wata hanya yawa. Shekara goma sha huɗu bayan haka, a 2018, binciken ƙasa kan shan ƙwaya ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Mutanen Karfi sun riga kowa gani. An dai yi jinkirin tambayarsu ne.

Haka kuma binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya nuna cewa a ƙasar Yarbawa, cikin masu tsananin ciwo, kimanin 8 cikin 100 ne kawai suka sami wata kulawa a shekarar da ta gabata. Sauran fa? Mun ga wani ɓangare na amsar a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa, sannan aka sake ganin irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai da yawansu, da hannunsu, da kuɗinsu, don ba su san wata ƙofar ba. Dokar da ta tafiyar da wannan sha'ani tun daga 1958 ta samo asali ne daga ta Turawan mulki ta 1916, wadda ta fi damuwa da tsare mahaukaci a kan warkar da shi. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa. Doka ta zo, amma ba ta san ko mutum nawa ne ke ɗaure a bayan ɗaki tsakanin Andarai da Mungadi ba. Sai wani ya je ya tambaya, kuma sai an yarda da shi kafin a amsa masa.

Abin lura shi ne, manyan nasarorin da Afirka ta samu a wannan fanni sun zo ne daga mutanen da suka hau tsanin har ƙarshe, sannan suka sauko suka saurari na ƙasa. Thomas Adeoye Lambo ya yi karatu a Ingila, ya dawo Aro a 1954. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya nemi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba su masauki, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana su koma cikin jama'a da yamma, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna bisa benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, kuma bai fara da kalmar Turanci ba, ya fara da kalmar Shona, kufungisisa, wato yawan tunani. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. A 2020 kuma Gureje da abokansa suka nuna, a Ibadan da Kumasi, cewa idan ma'aikatan ƙananan asibitoci suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addu'a, masu tsananin taɓin hankali sun fi samun sauƙi.

Mu ma muna da kalmominmu: ƙunci, faɗuwar gaba, zafin zuciya, tunani ya yi yawa, rai ya ɓaci, da turmin innar nan. Wace ce ciwo, wace ce gajiyar duniya kawai? Wace ce ke gaba da daina magana? Wannan aikin digiri na uku ne sukutum, kuma wanda ya tashi da waɗannan kalmomi a bakin kakarsa ya riga ya yi rabin karatun. Ba ma baƙon tunani ba ne a al'adar karatunmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai daga jikinsa. Malamin zaure da ya ji wannan ba zai ce an kawo masa bidi'ar Turawa ba. A nan kusa kuma, Aliero ta yi suna da masu ɗori, har daga nesa ake kawo musu karaya. Ko me mutum zai ce game da iyakar aikinsu, sun nuna abu ɗaya: ana iya raya ƙwarewa a ƙaramin gari, ɗa ya koya a gefen uba shekara da shekaru, jama'a su zo saboda ita. Horon kwana uku a ɗakin taro ba ya haifar da irin wannan.

Amma kada mu yaudari kanmu da cewa ɗan gida tsarkakakke ne. A nan ne maganar ta fi yi mana wuya. Baƙo yana da wata fa'ida da ɗan gida ba shi da ita: zai tafi. Matar da ta gaya wa likitan Ibadan cewa ta taɓa tunanin faɗawa rijiya ta san ba za ta haɗu da shi a wurin suna ba. Yaron da muka bi kuwa, ƙila ƙanwarsa tana aure a unguwar. Magana ɗaya ta suɓuce masa a wurin mai shayi, an gama da gidan. Mu kanmu ba mu kuɓuta ba. Manhajar da muka rubuta tana ɗaukar ainihin wurin da aka yi hira, daidai ƙofar gida, don masu aikin su tabbatar yaran ba su zauna ƙarƙashin bishiya sun cike fom da ka ba. Ma'ana, duk wanda ya sami fayil ɗin yana iya nuna gidan da matar da ta ce rayuwa ta ishe ta take. Babu wanda ya koya mana mu ji tsoron wannan a digirinmu na kwamfuta, kuma a kwana ukun horon yaran, maganar riƙe sirri ba ta ci rabin awa ba. Saboda haka idan muka ce a horar da 'yan gida, ba muna nufin sun riga sun cancanta ba ne. Kusancinsu ya sa sun fi kowa iya ji, ya kuma sa sun fi kowa iya cutarwa, don haka su suka fi buƙatar horo mai tsawo, a ƙarƙashin wanda zai tsawata musu.

To me ya hau kan wanda ya riga ya hau? A ganinmu, ba lallai sai ya dawo da jikinsa ba. Abin da ya hau kansa shi ne kada ya janye tsanin a bayansa. Yaron da ya yi masa hira ɗari ya cancanci ya zauna a teburin da ake fassara sakamakon, ya ce wannan sifilin ƙarya ne, sunansa kuma ya fito a takarda, domin a duniyar masana suna a takarda shi ne kuɗin shiga mataki na gaba. Malamin da ke Landan na iya duba kundin ɗalibin Aliero ko Birnin Kebbi ta waya. Mu muna gyara manhajar mutanen da ba mu taɓa gani ba kullum. Kuma abin da aka gano ya dawo da Hausa, a ƙofar hakimi ko a rediyo, ga mutanen da aka tambaya. 'Yan matan makarantar Birnin Yauri da aka sace a Yunin 2021, waɗanda na ƙarshensu ba su dawo ba sai a 2023, za su rayu da abin da suka gani shekaru masu yawa. Wani zai yi nazari a kansu, babu shakka. Muna so a ce cikin masu nazarin akwai 'yar Kebbi da aka horar, wadda ke da albashi da ofis a nan, ba wadda aka ɗauka tafinta na mako biyu ba.

Wannan na ƙarshe shi ne inda duk kyakkyawar niyya ke tsayawa. Ko an horar da mutum, idan babu gurbin aiki a jami'a ko ma'aikatar lafiya da ake biyan mutum don ya yi wannan bincike, to an ƙara masa mataki ne kawai zuwa waje. Asusun TETFund yana tura malaman jami'a ƙarin karatu, amma sai ka zama malamin tukuna. Yaronmu bai zama ba. A ƙarshen ganinmu da shi yana sayar da kati da cajin waya a bakin kasuwar Jega.

Mu dai abin da ke hannunmu muka yi. A zagaye na biyu na aikin muka ƙara gurbi na biyar a ƙarƙashin kowace tambaya, fili kawai, muka rubuta a kansa: rubuta abin da ta faɗa da bakinta. Yaran suka cika shi fiye da yadda muka zata, wasu da Hausar boko mai kurakurai, wasu har da bayanin yadda matar ta yi shiru kafin ta amsa. Da muka miƙa bayanan, aka gode mana, aka ce a cire wannan layin kafin a fara lissafi, domin babu kuɗin fassara a kasafin, kuma babu mai jin Hausa a cikin masu nazarin. Muka cire. Sharaɗin aikin ya ce bayanan ba namu ba ne, kuma mu goge kwafinmu bayan an rufe aikin. Muka karanta shi sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, a daren da muka goge.